'Yata mai shekara 2 ba ta da aiki sai kiɗa da rawa: wane abin kiɗa ya dace da ita?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda tare da maigidana da mahaifiyarsa, a gidan haya na bene. 'Yata tana da shekara 2 da wata 4, kuma duk abin da ya shiga hannunta, tukunya ce ko roba ko murfi, sai ta mayar da shi ganga, da ta ji waƙa kuwa sai ta miƙe da rawa. Babanta yana so ya saya mata fiyano na lantarki, Hajiya, wato mahaifiyarsa, kuma tana ganin kiɗa sana'ar maroƙa ce, bai dace da gidanmu ba. Wane abin kiɗa ne ya dace da shekarunta, kuma yaushe ake fara koya wa yaro kiɗa gadan-gadan?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Yarinya mai waɗannan shekaru abu uku take bukata: muryar da za ta riƙa ji tana kwaikwaya, abin da za ta girgiza, da abin da za ta buga da tafin hannu. Fiyano na lantarki zai iya jira, zuwa wajen malami ma haka. Abin da ba zai jira ba shi ne wani babba ya zauna a ƙasa tare da ita na 'yan mintuna kowace rana, yana bugawa tana bugawa, domin a aikin da na daɗe ina yi da ƙananan yara a makarantun rauda, wato na yara 'yan ƙasa da firamare, wannan zaman shi ne na fi gani yana raya sha'awar yaro, tsadar abin wasa kuwa ba ta cika canza komai ba.

Kaɗa tukunya da rawa a shekara 2 ɗabi'a ce ta kusan dukkan yara masu lafiya. A 2010 wasu masu bincike biyu, Marcel Zentner da Tuomas Eerola, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa jarirai 120 masu wata 5 zuwa wata 24, inda suka ga jariran sun fi motsa jiki idan aka sa musu kiɗa ko bugun ganga zalla fiye da idan magana aka sa musu, kuma gwargwadon yadda motsin jariri ya yi daidai da bugun, gwargwadon yadda yake murmushi. Saboda haka kada babanta ya yi saurin yanke cewa wata baiwa ce ta daban wadda dole a kashe mata kuɗi yanzu, kada kuma Hajiya ta tsorata cewa an haifa mata jika makaɗiya. Abin da kuke gani alama ce ta kunne mai ji da jiki mai kuzari, kuma abin farin ciki ne. Ki kuma san iyakar abin da za ta iya. Yaro mai shekara 2 zuwa 3 yana da nasa saurin bugu, wanda yakan kai wajen bugu 150 a minti, ya fi na manya sauri, kuma da wuya ya iya rage shi don ya bi wani kiɗa na tsawon lokaci. Riƙe kari daidai ba tare da kaucewa ba yakan fara zama ne daga shekara 4 ko 5 zuwa sama. Waƙarta ma guntu-guntu za ki riƙa jin ta, ta kama layi ɗaya ta yi ta nanatawa, hawa da saukar muryar yana kama da na asali amma yana zamewa. Duk wannan daidai ne, babu abin gyarawa a ciki.

Dalilin da ya sa nake nanata zama tare da ita yana da tushe. A 2009, a birnin Laifzig na ƙasar Jamus, Sebastian Kirschner da Michael Tomasello sun ba yara masu shekara 2 da rabi, da 3 da rabi, da 4 da rabi ganga, suka sa su bin bugu iri ɗaya ta hanya uku: daga lasifika, daga wata na'ura mai buga ganga, da kuma daga mutum wanda ya zauna yana bugawa tare da su. Yaran duka sun fi daidaita bugunsu idan da mutum suke yi, 'yan shekara 2 da rabin kuwa sai tare da mutum ne suka iya barin saurinsu na ɗabi'a suka bi bugun da ya fi shi nawa. Wato a shekarun 'yarki, hannun uwa ko na uba da take kallo yana sauka a kan ganga yana koya mata abin da na'ura ba ta koyarwa, ko da sautin iri ɗaya ne.

Abin kiɗa na farko da za ki ba muhimmanci shi ne murya, taki da tata. Ki yi mata waƙa da bakinki ko da kina ganin muryarki ba ta da zaƙi, domin ita fuskarki take kallo, tana lura da motsin leɓe da inda ake jan numfashi, kuma mai rerawa da baki tana iya rage sauri, ta tsaya, ta maimaita, ta sa sunan yarinyar a cikin waƙar. Ki ɗaga muryar sama kaɗan da yadda kike magana, saboda muryar ƙaramin yaro siririya ce kuma zangonta gajere ne, bai wuce matakan sauti 5 ko 6 ba, idan kika rera can ƙasa ba za ta iya bin ki ba. A nan kuma akwai riba ta musamman ga mu masu raino a wannan ƙasa. Yaranmu suna tashi da Larabci a titi da makaranta da talabijin, Hausa kuwa sai a cikin gida, ga shi harshe ne da hawa da saukar murya da tsawon wasali suke bambanta ma'anar kalma, shi ya sa kalangu yake iya kwaikwayon magana har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi. Waƙar Hausa tana kiyaye nauyin gaɓoɓi, doguwa ta fi gajera daɗewa a baki, kuma sau da yawa tana bin karin kalmomin, don haka yarinyar da ake yi wa waƙoƙin raino da na gaɗa da na daka tana ɗaukar lafazin Hausa mai kyau ba tare da an zaunar da ita darasi ba. Wannan ba zai tauye mata Larabci ba, yaro yana iya tashi da harshe biyu lafiya lau.

Wannan ya kawo mu ga Hajiya, kuma ina ba ki shawara kada ki ɗauki maganarta a matsayin abin da za a yi gardama a kansa. Damuwarta tana da asali, domin a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, akwai gidajen makaɗa da maroƙa, kuma wanda ya tashi a gidan malanta ko fatauci ba ya son a jingina zuriyarsa da roƙo. Amma ita kanta ta san akwai kiɗan da ba na sana'a ba, wanda mata da yara suke yi a gida da unguwa: luguden da ake yi a turmi, tafin gaɗa da dare, shantu a ɗakin amarya, kiɗan ƙwarya a ranar suna, da tashe a watan azumi. Ta kuma san cewa da rerawa ake biya karatu a makarantar allo, da rerawa ake karanta Ishiriniya, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙoƙi ta karantar da mata, jajis ɗinta, wato matan da ta horar su karantar, suna haddacewa suna kai wa ƙauyuka. Kunnen da ya saba bambance dogon sauti da gajere shi ne zai amfane ta gobe idan malamin tajwidi ya ce ta ja madda haraka 2 ko 4 ko 6. Don haka ki je wa Hajiya da roƙon ta koya wa jikarta waƙoƙin da aka yi mata tana ƙarama, kuma mai yiwuwa ita ce ta fi kowa a gidan yawan irin waɗannan waƙoƙi. Da wuya kaka ta ƙi wannan. Game da hukuncin kayan kiɗa a addini, malamai sun yi saɓani, fatawa tasu ce, shawarar abin da zai shiga gida kuma taki ce da maigidanki. Abin da ya shahara shi ne an fi samun sassauci a kan bandiri, wanda ake kira duf a nan, saboda hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim game da 'yan mata biyu da suke waƙa suna buga duf a ɗakinta ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su. Idan gidanku ya tsaya a kan murya da tafi da bandiri kaɗai, yarinyar ba ta yi asarar komai ba a waɗannan shekaru.

Yanzu ga kayan kansu. Ma'aunin da nake amfani da shi guda ne: abin da yake ba da sauti saboda motsin yarinyar, idan ta buga da ƙarfi ya yi ƙara, idan ta taɓa a hankali ya yi laushi, idan ta tsaya ya yi shiru. Daga nan take gane cewa hannunta ne yake haifar da sautin.

Abin girgizawa shi ne mafi sauƙi, kacau-kacau ko ɗan caki wanda tafin hannunta zai iya riƙewa, kuma gara a samu guda biyu, ɗaya a hannunta ɗaya a naki. Za ki iya haɗa shi a gida da 'yar robar ruwa ƙarama, ki zuba shinkafa ko gero kamar cokali biyu, amma da sharaɗin ki liƙe murfin da gam sannan ki naɗe shi da salatif sosai, domin murfin kansa yana iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Kada ki zuba wake ko gyaɗa ko ƙwallon dabino ko tsakuwa, saboda idan robar ta fashe su ne suke shiga hanyar numfashi. Idan kika yi guda uku, ɗaya da shinkafa, ɗaya da gero, ɗaya da gishiri, za ki ga tana girgiza su ɗaya bayan ɗaya tana sauraron bambancin, kuma wannan sauraron ya fi girgizawar kanta amfani.

Abin bugawa kuwa, ƙaramin bandiri mai faɗin santimita 15 zuwa 20 shi ne zaɓina na farko, kuma samun sa a kasuwannin Jidda da Makka ba wuya. Ki zaɓi wanda ba shi da 'yan faya-fayan ƙarfe a gefe, domin bakinsu yana yanka yatsa, ƙusoshin da ke riƙe su suna cirewa, ƙararsu kuma tana da kaifi a kunne. Mai fatar roba ya fi dacewa da yaro a kan mai fatar akuya, saboda fatar dabba tana saki idan damshin iskar Jidda ya taɓa ta, tana kuma ɗamewa a busasshiyar iskar na'urar sanyaya ɗaki, ga shi ba a iya wanke ta idan ta sha yawu da abinci. Ta fara da tafin hannu tukuna, sanda sai an ga ta daina jifa da dukan mutane da abin da ke hannunta. Idan an samu mai zuwa Umara daga gida ya taho muku da ƙwarya, to kun sami ganga mai daɗin sauti, a kife ta a kan matashi ko tawul da aka ninka. Kada a kife ta a kan ruwa kamar yadda masu amada suke yi, sai dai idan kina zaune a wurin daga farko har ƙarshe kuma kin zubar da ruwan da an gama, domin ruwa kaɗan a baho ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Tukwane da robobin da take bugawa yanzu ma kada a raina su, ki ware mata biyu ko uku tare da muciya ƙarama ko cokalin katako su zama nata, sauran kuma ta san na girki ne. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, wanda jikinsa gwangwani ne da aka rufe da fata, ya zagaya duniya.

Abu na uku, wanda za a iya ƙara mata nan da 'yan watanni, shi ne zailofon, wato jerin 'yan sanduna na katako ko ƙarfe da ake bugawa, kowanne da sautinsa. Shi ne zai fara nuna mata cewa sauti yana da sama da ƙasa, doguwar sanda sautinta mai kauri, gajera kuma nata siriri. A nan ne kaɗai zan ce a ɗan kashe kuɗi, domin da yawa daga cikin masu arha da ake samu a shagunan Abu Riyalain, wato na kayan arha, launi kawai gare su, sautukansu ba a daidaita suke ba, kuma abin da kunne ya saba ji shi yake ɗauka daidai. Kafin ki biya, ki buga daga babbar sanda zuwa ƙarama ki ji ko sautin yana hawa mataki-mataki ba tare da wani ya yi gurgu ba, ko ki gwada da manhajar daidaita sauti a waya. Idan kin samu mai matakai 5 ya fi, saboda duk yadda ta haɗa su ba sa karo da juna, kuma a kan irin waɗannan matakai 5 aka gina yawancin waƙoƙin Hausa da na Sudan, don haka za ki iya lalubo mata karin waƙoƙin gida a kai. Carl Orff, mawaƙin Jamus da ya tsara hanyar koyar da yara kiɗa wadda ake bi a ƙasashe da dama, ya sa an ƙera irin waɗannan kaya da sanduna masu ciruwa don malami ya cire waɗanda ba a bukata ya bar wa yaro kaɗan. Ki duba kan makaɗin da kyau, idan ƙwallon da ke bakinsa yana juyawa ko yana alamar fita, kada ki saya.

Kayan busa irin su usur da sarewa a bar su sai wajen shekara 3, kuma a zaune ake busawa, ba a gudu da su a baki. Toshe ramukan sarewa da yatsu daidai sai wajen shekara 6 ko 7. Masu tsirkiya ma a yanzu ja kawai za ta yi, tsirkiya kuma idan ta tsinke tana iya taɓa ido.

Fiyanon da babanta yake so ba laifi ba ne a kansa, matsalar tana ga irin da ake yi wa yara. Yawancinsu suna da maɓallin da idan aka danna sau ɗaya na'urar za ta kama waƙa ita kaɗai, fitilu suna walƙiya, sai yarinyar ta gane cewa aikinta dannawa ne ta koma kallo, bayan mako biyu kuma ta gaji da shi. Idan ya riga ya ƙudurta saye, to ya nemi wanda kowane maɓalli sauti ɗaya yake bayarwa, mai wurin rage ƙara, kuma ya fi kyau wanda sautinsa yake ƙaruwa ko raguwa gwargwadon ƙarfin dannawa. Ya kuma san cewa alƙawari ya ɗauka na zama da ita a gabansa. Kada kuma ku yarda da tallan da ke cewa sauraron kiɗan Mozart, shahararren makaɗin Turai, yana ƙara wa jarirai basira. Gwajin da aka samo maganar daga gare shi a 1993 ɗaliban jami'a aka yi wa, kuma ɗan ci gaban da aka gani a wani nau'in aiki guda bai wuce minti 10 zuwa 15 ba ya gushe.

Batun kiyaye lafiya kuwa ba na sassauci a kansa. Ƙa'idar masu ƙera kayan wasa ita ce duk abin da zai shige cikin bututu mai faɗin milimita 31.7 bai dace da yaron da bai kai shekara 3 ba. A gida ki gwada da kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida, wanda ya ɗan fi haka faɗi: duk abin da ya wuce ta cikinsa, ko wani ɓangare da zai iya ɓallewa ya wuce, ki ɗauke shi. A jikin kwalin abin wasa ki nemi alamar G ta ƙasashen Gulf, wadda ke nuna an bi ƙa'idar kayan wasa, idan kuma kin ga jan da'ira mai fuskar jariri da rubutun 0-3 an ja layi a kai, to ba nata ba ne. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan batir mai kama da kwabo, irin na agogo, wanda ake sawa a ƙananan kayan wasa masu waƙa. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2, don haka murfin batir dole ya zama wanda sai da sukundireba ake buɗe shi, kuma ko zato kika yi ta haɗiya, asibiti za a nufa nan take ba tare da jiran wata alama ba. Igiyar rataya ganga a wuya a yanke ta. Abin da fentinsa yake ɓarewa kuma a jefar, saboda har yanzu tana kai abu baki, wasu fentin kuma suna ɗauke da dalma.

Sai kunne, wanda idan ya lalace saboda ƙara ba ya dawowa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga yara a kan na'urorin sauraro shi ne desibel 75 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato idan ƙara ta kai desibel 90, abin da ya rage bai fi awa 1 da kwata ba a mako gaba ɗaya. Ki tuna hannunta gajere ne, kuma yara suna kai abin wasa har jikin kunne, duk lokacin da tazara ta ragu da rabi kuwa ƙarar tana ƙaruwa da kusan desibel 6. Saboda haka ki gwada abin a kusa da kunnenki a shago, idan ya dame ki to ya yi mata yawa. Wanda aka riga aka saya mai ƙara, a manna salatif a kan ramukan lasifikarsa. A wuraren biki ki zauna da ita nesa da manyan lasifikoki, idan sai kin ɗaga murya kafin ta kusa da ke ta ji ki, to ki fita da ita. Idan kuma kin lura ba ta waiwayowa in an kira ta daga baya, ko kunnenta yana yawan ciwo ko zubar da ruwa, ko har yanzu ba ta haɗa kalma biyu ba a kowane harshe, ko tana toshe kunne da ihu saboda sautin da bai dami kowa ba, ki kai ta likita ya auna jinta.

Yadda za ki yi wasan da ita ya fi jerin kayan muhimmanci. Ki bar ta ta ja gaba: ta buga sau biyu, ki buga sau biyu, ta yi da sauri, ki yi da sauri, har ta gane kina kwaikwayon ta, a nan za ki ga ta tsaya tana kallon ki tana jiran ki amsa, kuma daga wannan jiran take koyon karɓa-karɓa, wanda shi ne ginshiƙin waƙar amshi da ma hira. Daga baya ki fara canzawa kaɗan ki ga ko za ta bi. Wasan tsayawa yana da daɗi ƙwarai a wannan shekara: kina bugawa tana rawa, ki tsaya cak ta tsaya, ki jira har ta ƙosa sannan ki ci gaba. Ki riƙa rera waƙar da ta sani ki bar mata kalmar ƙarshe ta cika. Ki buga sunanta da sunayen 'yan gida gaɓa-gaɓa. Ki sa wa wanka waƙarsa, sa kaya waƙarsa, kwanciya waƙarta, kuma kada ki gaji da maimaici, abin da ya gundure ki a karo na ashirin ita a lokacin ta fara mallakar sa. Minti 5 zuwa 10 sun isa, a tashi tun tana so. Kada a kama hannunta a buga mata, kada a ce ta yi kuskure, kada kuma a tilasta mata yi a gaban baƙi, domin na ga yara da dama da suka daina waƙa bayan an mayar da su abin nunawa ana dariya, ko da dariyar ta ƙauna ce. Kayan kuma kada a zube mata su duka, biyu ko uku a ɗan kwando inda hannunta zai kai, bayan mako a sauya.

Sauraro daga waya yana da wurinsa, amma gara sauti zalla, a kife wayar ko a ajiye ta nesa, domin shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce yaro mai shekara 2 kada zamansa a gaban allon waya ko talabijin ya wuce awa 1 a rana, ƙasa da haka ya fi. Ki roƙi gwaggonninta da ke gida su turo mata waƙoƙi da muryarsu ta WhatsApp. Ki kuma bar ta ta ji kari iri-iri, kasancewar Jidda gari ne da ake jin gangunan mizmar na Hijaz da daluka ta matan Sudan da kiɗan Yaman da namu. Binciken Erin Hannon da Sandra Trehub na 2005 ya nuna jarirai 'yan wata 6 suna gane kari mai sarƙaƙiya na wata al'umma wanda manyansu ba sa ganewa, zuwa wata 12 wannan ya fara raguwa, amma sauraro na mako 2 ya dawo musu da shi, alhali manya bai yi musu irin wannan amfanin ba.

Maƙwabta suna da haƙƙi a gidan bene. A keɓe wa ganga lokacinta, kamar hantsi da bayan La'asar, a kauce wa lokacin sallah da barcin rana da dare, a riƙa bugawa a kan darduma, idan kuma ƙarar ta yi yawa a shimfiɗa ɗankwali a kan fatar. Sanin cewa ganga tana da lokacinta tarbiyya ce da za ta iya ɗauka tun yanzu, muddin kowa a gidan abu ɗaya yake faɗa mata.

Game da lokacin fara darasi, na san za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma darasi irin na zama a gaban malami yana bukatar abubuwan da jikinta bai kai ba tukuna: yatsun da kowanne zai motsa shi kaɗai, iya zama minti 15 zuwa 20 a kan abu guda, da bin umarni biyu ko uku a jere. Yawancin yara suna kai wa nan ne tsakanin shekara 5 da 7. Hanyar koyar da kiɗa ta Shinichi Suzuki na ƙasar Japan takan fara da yara tun suna shekara 3, amma sharaɗinta shi ne uwa ko uba ya halarci kowane darasi, ya koyi abin shi ma, ya riƙa maimaitawa da yaron kullum a gida, kuma da sauraro da kwaikwayo ake farawa kafin karatun rubutun kiɗa. Kafin lokacin, idan kin samu rauda ko wani ajin yara da ake waƙa da tafi da motsa jiki a rukuni daga shekara 3, ya wadatar. Alamar da za ki jira ita ce ta riƙa komawa ga abin kiɗanta da kanta watanni a jere ba tare da an tuna mata ba, ta iya rera gajeriyar waƙa daga farko zuwa ƙarshe har wanda bai ji kalmomin ba ya gane ta, ta kuma iya tafi daidai da bugunki na ɗan lokaci. Idan waɗannan sun haɗu kuma gidan ya amince, sai a nemi malama ko malamin da ya saba da ƙananan yara, wanda zai yarda ki zauna a darasin farko, kuma darasin kada ya wuce minti 20 zuwa 30.